Saurayi ɗan shekara 17 ba zai karanta littafin 'yan aji ɗaya ba

1/ Zaren nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Ina da ƙane a Roni, ɗan baffana, shekararsa 17, yana babbar sakandare. Ya san 'yan wasan Barcelona har na benci. Amma ka miƙa masa takarda ka ce ya karanta da ƙarfi, sai ka ga gumi.

2/ Ba wai bai san baƙi da wasali ba. Yana haɗawa, sai dai kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Irinsa suna da yawa daga Kazaure har Gwiwa da Babura, kowa ya san ɗaya a gidansu. Shiru kawai muke yi.

3/ Ga wautar da na yi. Na sayo masa littafin koyon karatu na 'yan firamare, mai hoton akuya da tulu, na miƙa masa a majalisa, gaban abokansa. Ya karɓa ya ce na gode Yaya. Bayan wata biyu na gan shi ƙarƙashin katifa, ko buɗe shi ba a yi ba.

4/ Laifina ne. Yaron da ke noman gero da hannunsa, yana tunanin wacce zai je zance wurinta, ka ba shi labarin akuya? Gara a ce ba ya son karatu da a gan shi da wannan. Wallahi ko ni ne haka zan yi.

5/ Abin da yake buƙata littafi ne mai sauƙin Hausa amma labarin manya. Jimla gajera, babi gajere, rubutu manya-manya, sannan a ciki akwai kuɗi, faɗa, soyayya, cin amana. Wanda zai riƙe a bakin titi ba tare da ya ɓoye bangon ba.

6/ Na sake gwadawa da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Siriri ne, ga yaƙi. Ban ce masa "karanta" ba. Na karanta masa da dare, da na zo inda abu ya yi zafi na rufe, na ce barci nake ji, na bar littafin kan tabarma. Da safe ya wuce ni da shafi uku.

7/ Dabarar ba tawa ba ce, ta akun Magana Jari Ce ce, wanda ya riƙe ɗan sarki a gida da labari bayan labari. Amma fa kar ku fara da Magana Jari Ce ɗin. Na san za a zage ni. Hausar Abubakar Imam ta shekarun 1930 ce, akwai kalmomin da ni ma sai na tambayi tsofaffi. Ruwan Bagaja ya fi saurin kama yaro, saboda Malam Zurƙe kaɗai ya isa ya sa shi dariya.

8/ Yanzu maganar da ta fi ci mini rai. Littattafan soyayya na Kano da aka yi shekaru ana zagi, wai suna ɓata tarbiyya, su suka koya wa yayyenmu mata karatu. A ɗakin yayata a Kazaure na fara ganin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Haya ake karɓowa, a karanta cikin kwana biyu a mayar, wata na jira.

9/ Ba wanda ya tilasta musu. Ba jarrabawa, ba bulala. Son sanin ƙarshen labari ne kawai ya sa mai karatu da ƙyar ta koma mai cinye littafi a dare ɗaya.

10/ Balaraba Ramat Yakubu fa? An cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma ajin manya. Ita ce ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012.

11/ Eh, akwai na banza a cikinsu, musamman wasu da ke yawo yanzu a WhatsApp. A tace. Ni ma ba kowanne zan ba ƙanwata ba. Amma wanda ya hana duka bai kawo madadi ba, ya miƙa yarinyar ga TikTok ne kawai.

12/ Mata dai suna da nasu, har gasar Hikayata ta BBC Hausa suna da ita tun 2016. Samari ne marayu. Ina ɗan littafi mai shafi 30 a kan ɗan acaɓan da ya tsinci jakar kuɗi a hanyar Daura? Ina na yaron da ya bi fatake daga Babura ya tsallaka Nijar? Ina tarihin Ahmed Musa da Hausa mai sauƙi?

13/ Kuma an taɓa yi. Zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai domin manyan da suka fara karatu. Sun gane cewa wanda ya koyi haɗa baƙi, in bai sami abin karantawa ba, mantawa zai yi.

14/ Ɗaliban Hussaini Adamu da ke kwana suna rubutu a Facebook, da ku nake. Labari ɗaya, shafi 20 zuwa 30, a buga a shagon hoton takardu, a ɗinke, a sa bango irin na manya. Ku gwada shi a kan ƙaninku kafin kowa. Inda ya tsaya yana kame-kame, a nan za ku gyara.

15/ Ƙanen nawa ya gama Iliya cikin mako uku. Yanzu yana Ruwan Bagaja, yana karantawa da yatsa a kan layi, bakinsa na motsi, ni kuma na koyi kau da kai. Jiya ya turo mini saƙo, a rubuce ba da murya ba, wai in na shiga Kano in duba masa wani mai faɗa. Wanda ya san irinsa ya ajiye mini suna a ƙasa, Asabar zan shiga.