Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Manyan Asibitocinmu Kan Layin Jijiyar Yara

Ranku ya daɗe,

Ina neman afuwa da na zaɓi in yi muku magana a bainar jama'a. Na bi ta ofis, na bar takarda a hannun sakatare, har yau ko tari ban ji ba. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma kun san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Maganata a kan layin nan ne da ake zura wa yaro a babbar jijiyar wuya ko ta saman cinya idan ciwo ya yi tsanani. Siririyar roba ce da bakinta ke kaiwa dab da zuciya. Ta nan ake ƙarin ruwa, ta nan ake ba da magungunan da ƙananan jijiyoyi ba sa iya ɗauka. Tana ceton rai, babu musu. Sai dai duk ƙwayar cutar da ta samu hawa kanta, ko daga fatar yaron ko daga hannun mai allura, cikin jini za ta zarce kai-tsaye.

An kwantar da jikata 'yar shekara uku a sashen kulawa ta musamman na wani babban asibiti saboda ciwon huhu. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Numfashi ya daidaita, ta fara kurɓar kunu, har uwarta ta soma haɗa kaya. Layin wuya kuwa yana nan. Na tambaya ko ana bukatarsa har yanzu, aka ce a bar shi "ko da wani abu zai taso". Filastar da ke kansa ta jiƙe da gumi da miyau, gefe ɗaya ya ɗaga, ana hango ramin da ido. Na roƙa a sauya, nas ta ce ba su da irinta a sashen, sai dai mu sayo a waje. Muka sayo. Famfon ɗakin ba ya kawo ruwa, bokiti ne da moɗa a lungu. Kwalbar maganin goge hannu da ke maƙale a jikin gado babu komai a ciki, kuma ƙurar da ke kan murfinta ta nuna ba jiya ta ƙare ba. Da idona na ga ana buɗe bakin layin a tura magani ba tare da an goge shi da sifirit ba, da safar hannun da aka taɓa yaron gado na gaba.

Abin da nake tsoro shi ya faru. Zazzaɓi ya dawo da rawar ɗari, jiki ya saki, gwajin jini ya nuna ƙwayar Klebsiella wadda ba ta jin magungunan da aka saba. Aka rubuta mana allura mai tsadar da sai da ubanta ya sayar da babur ɗinsa. Sai a lokacin aka zare layin. Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi, amma ta fito ƙashi da fata, sai da ta sake koyon tafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne amsar da wani babba ya ba ni, wai Hajiya a yi haƙuri, ƙaddara ce. Ni ma na yi imani da ƙaddara, ranku ya daɗe. Amma ba ƙaddara ce ta hana a cika kwalbar nan ba.

Ban ɗora laifin a kan nas-nas ba. Na san halin da mace ɗaya ke shiga in an bar ta da yara masu yawa cikin dare. Matsalar daga sama take. Hankalinku ya fi karkata ga sabon gini da babbar na'ura, domin su ake kiran gwamna ya buɗe. Sabulu da auduga da filasta ba a yi musu biki, shi ya sa ake mantawa da su a kasafi.

Ga shi kuwa an daɗe da sanin maganin abin. A 2006 Dakta Peter Pronovost na Jami'ar Johns Hopkins ya fitar da sakamakon aikin da aka yi a sassan kulawa ta musamman 103 a jihar Michigan ta Amurka. Abu biyar kawai aka tsananta: wanke hannu, rufe majinyaci da mai sa layin da kaya masu tsabta daga sama har ƙasa, goge fata da kuloheksidin, kauce wa jijiyar cinya ga manya, da zare layin da zarar amfaninsa ya ƙare. Aka kuma ba nas ikon dakatar da likita in ya tsallake ɗaya. Cikin wata 18 cutar ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. A 2010 aka fitar da makamancinsa daga sassan yara 29 a can Amurka, inda aka samu ragin kashi 43 cikin ɗari, kuma aka gano cewa ga yara kulawar yau da kullum da layin ita ce ta fi tasiri, fiye da tsabtar ranar da aka sa shi. A nan ɗin ne daidai muke faɗuwa.

Don haka ga roƙona. A ajiye kayan kula da layi a cikin sashen, kada a riƙa aika uban yaro kemis da tsakar dare. Filasta mai nuna fata a sauya ta duk kwana bakwai, ta gozi duk kwana biyu, wadda ta jiƙe ko ta ɗaga kuwa nan take. A goge bakin layi na daƙiƙa 15 a bari ya bushe kafin kowace allura. Kullum da safe in ana zagayen duba marasa lafiya, a tambaya da babbar murya ko yaron nan yana bukatar layinsa yau. Maganin goge hannu ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da yadda sashen harhaɗa magunguna na kowane asibiti zai haɗa nasa da araha.

Sai ƙidaya. Ku sa a riƙa rubuta yawan yaran da suka kamu da cuta ta hanyar layi a kowane wata, a liƙa a bango kowa ya gani. Ku ƙara ma'aikata, ku kuma gyara ɗakin gwaji.

Wani lokaci nakan ce ɓata tawada nake yi, domin na ga kwamiti iri-iri an kafa, an ci abinci an watse. Amma na ga matasan nas-nas a wannan ɗaki masu son aikinsu, waɗanda in an ba su kaya aka tsaya musu za su yi abin da ya dace. Ina roƙon kowannenku ya shiga sashen yara na asibitinsa cikin makon nan ba tare da sanarwa ba, ya murɗa famfo, ya duba filastar wuyan yaran da ke kwance, sannan ya kira mai kula da sito ya tambaye shi dalili. Allah ya ba ku ikon gyarawa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Taku cikin girmamawa,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya