Ƙwallon da ya faɗi tsakanin mutum biyu

A filayen rairayi na Harobanda, daga gadar Kennedy zuwa kewayen jami'ar Abdu Mumuni, gardama guda ba ta ƙarewa bayan wasan marece: idan ƙwallo ya kuɓuce wa mai tsaron gida ya shiga raga, gwanintar mai bugu ce ko sakacin mai tsaro? A ƙwallon ƙafa ba a tsawaita shari'a. Ran 12 ga Yuni 2010, a gasar kofin duniya, ƙwallo ya sulluɓe daga hannun Robert Green na Ingila, aka rubuta cin da sunan Clint Dempsey na Amurka.

Su kuwa Amurkawa, a wasansu na besbol, sun ajiye magatakarda musamman domin wannan hukunci. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai kulki ya make shi sama. In masu tsaron fili sun cafe kafin ya taɓa ƙasa, mai kulki ya fita. In ya faɗi, magatakarda ke yanke ko bugu ne mai kyau ko kuskuren mai tsaro. Ma'auninsa shi ne: da matsakaicin ɗan wasa ya cafe shi da ƙoƙarin da aka saba? Hukuncin ba ya sauya sakamakon wasa, amma yana shiga kundin da ake auna darajar ɗan wasa da shi.

Sai dai al'ada ta karkatar da ma'aunin. Wanda ya ruga ya taɓa ƙwallo ya saki, shi ake rubuta wa kuskure. Ƙwallon da ya faɗi ba wanda ya taɓa, galibi bugu mai kyau ake kiransa. Ran 9 ga Mayu 2014, David Ortiz na Boston ya buga wani da ya faɗi tsakanin ƴan wasan Texas biyu, kowa na jiran ɗan'uwansa. Magatakarda ya saɓa wa al'ada, ya ɗora kuskure a kan Alex Rios. Ortiz ya ɗaukaka ƙara, bayan ƴan kwanaki hukumar wasan ta soke hukuncin. Ƙwallo ya faɗi, laifi bai hau kan kowa ba.

Ma'aikaci da ɗan kasuwa sun san irin wannan kundi. Takarda ta kwana wata uku tsakanin biro biyu, ba a tuhumi kowa ba. Wanda ya yi ƙarfin hali ya sa hannu ya yi tuntuɓe, shi ake aika wa takardar gargaɗi. A shago ma, yaron da ya tari buhu ya suɓuce masa shi ke shan faɗa, ba wanda ya naɗe hannu ba. Mai zuwa rafi shi ke fasa tulu. Shugaban da ke ƙidaya fasassun tuluna kaɗai, wata rana zai wayi gari randa ba ruwa, kuma kundin kowa fes.