Gurbin harhaɗa magunguna ba ragowar likitanci ba ne

Da zarar sakamakon bakaloriya ya fito a Maraɗi ko Damagaram, ɗalibin da ya yi nasara a rukunin C ko D yakan sha tambaya guda daga iyaye da dangi: yaushe za a fara karatun likita? Harhaɗa magunguna kuwa sai a jingine shi a gefe, a matsayin wurin fakewa idan babbar ƙofa ta rufe. Wannan lissafi kuskure ne, kuma yana jawo wa ɗalibai asarar shekara, wani lokaci har biyu.

Wanda ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai zai tarar da cewa tsangayar kimiyyar lafiya makinsa na darussan kimiyya take dubawa, ko wane reshe ya zaɓa. Wanda kuma ya ƙetara iyaka zuwa Sakkwato, Zariya ko Kano zai gamu da abin da ya fi haka tsanani. Jarrabawar JAMB ta mai neman harhaɗa magunguna darussa huɗu ce: Ingilishi, ilimin halittu, fiziks da kimiyyar sinadarai, jimillar maki 400, a kan kwamfuta ake amsa ta, kuma da Ingilishi, harshen da ɗan makarantar Faransanci bai saba yin lissafi da shi ba. Su ne dai darussan da mai neman likitanci yake amsawa. Ga shi hukumar da ke kula da sana'ar a Najeriya tana ƙayyade adadin da kowace tsangaya za ta ɗauka. Don haka wanda ya jira sai likitanci ya kuɓuce masa kafin ya sauya zaɓi yakan iske waɗanda suka zaɓi fannin tun farko sun cike guraben.

Ko an samu shiga, kimiyyar sinadarai ce ke tankaɗe da rairaya. Shekara biyar ko shida ɗalibi zai yi yana nazarin yadda ake gina ƙwayar magani, da yadda hanta ke sarrafa ta, da yadda zafin rana ke lalata ta a kan kanta, sannan ya yi shekara guda ta horon aiki. Wanda zuciyarsa ke ɗakin tiyata da wuya ya jure wannan doguwar tafiya.

Yankin nan kuwa yana buƙatar masu jurewa. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu. Har yau ana tallar ƙwayoyi a faifai da kan kekuna a tashoshin mota, rana na dukansu daga safe zuwa magariba. Gane irin wannan kaya aikin mai harhaɗa magunguna ne.

Malaman sakandare ya kamata su fara wannan magana da ɗalibansu tun shekara biyu kafin bakaloriya, su ƙara musu sa'o'in kimiyyar sinadarai, masu niyyar ƙetarawa Najeriya kuma a tanadar musu darasin Ingilishi na musamman.