Wutar daji ta fi son shiri da lokaci

Tun 2011 hukumar kula da muhalli ta NESREA ta kafa ƙa'idojin hana ƙona daji ba da izini ba, amma duk rani sai hayaƙi ya turnuƙe fadamun Wurno da Goronyo da dazukan Rabah. Manomi na ƙona bambaron shinkafa don ya yi saurin shiga noman rani, makiyayi na neman tohon ciyawa, mafarauci kuma, don gafiya ɗaya, sai ya cinna wa gari masifa. Ni a ganina hanin nan ba zai ci ba, lokaci ya kamata a tsara. Wutar Nuwamba, sa'ad da ciyawa ke da sauran ɗanyenta, a hankali take tafiya, ta cinye busasshiyar ciyawar ƙasa ta bar itatuwa. Ta Fabrairu kuwa, ga iskar hunturu ga bushewa, har rumbu da garke ba ta bari. Hakimai su zauna da sarakunan noma da arɗo-arɗo, a sa ranar ƙuna, a share faffaɗan fili kewaye da gonaki da rumbuna, a kunna da yamma in iska ta kwanta. Bambaro kuwa abincin shanu ne, a daina ƙona shi.