Sunan kamfani a waje, kayan wasu a ciki: ingancin kwamfutocin tebur

A watan Nuwamban 2025, kamfanin HP na Amurka ya shaida wa masu zuba jari irin matakan da zai ɗauka saboda tsadar ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, wadda aka fi sani da RAM. Matakan sun haɗa da ƙara farashi, da rage yawan RAM a wasu na'urorin, da kuma neman masu sayar da kaya da araha.

Tsadar ta samo asali ne daga cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka riƙa wawashe abin da ake ƙerawa. Kamfanoni uku, wato Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ne ke riƙe da kusan dukkan wannan kasuwa, kuma a Disambar 2025 Micron ya ce zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial.

Matakin neman kaya masu araha shi ne ya fi jan hankali, domin ya taɓo tsohuwar tambaya: idan mutum ya sayi kwamfutar tebur haɗaɗɗiya mai tambarin Dell ko HP ko Lenovo, kayan wa ya saya?

Abin da ba a rubutawa a jikin kwali

Galibin abin da ke cikin akwatin ba mai tambarin ne ya ƙera shi ba. Ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, ta Intel ce ko AMD. Akwatin da ke rarraba wuta yakan fito daga kamfanoni irin su Delta da Lite-On na Taiwan, babban allon da komai ke maƙale a kansa kuwa 'yan kwangila irin su Foxconn ne kan haɗa shi. Aikin mai tambari shi ne tsarawa, da zaɓen kayan, da ɗaukar alhaki idan sun lalace.

Talla takan ambaci furosesa da yawan RAM da girman ma'adana, saboda su ne mai saye ke kwatantawa. Idan za a rage kashe kuɗi, a wurin da idon mai saye ba ya kaiwa ake ragewa: akwatin wuta, da fanka, da ƙananan kayan da ke kan babban allo. Kamfanin da ke sayar da miliyoyin na'urori, rarar dala guda a kan kowace ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Abin da ya sami Dell

Babu misalin da ya fi fito da hatsarin wannan lissafi kamar abin da ya faru da kwamfutocin ofis na Dell samfurin OptiPlex. Matsalar ta taso ne daga kafasita, wani ɗan abu mai siffar ƙaramin gwangwani da ke tara wuta yana daidaita ta. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma idan ya kumbura ya tsiyaye, na'urar gaba ɗaya kan mutu.

Takardun kotu da jaridar New York Times ta ba da rahoto a kansu a 2010 sun nuna cewa daga Mayun 2003 zuwa Yulin 2005, Dell ya sayar da aƙalla kwamfutoci miliyan 11 da dubu 800 da ke cikin hatsarin lalacewa saboda kafasitocin kamfanin Nichicon na Japan. Wani bincike da aka ambata a takardun ya yi hasashen cewa har kashi 97 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa za su iya samun matsala cikin shekara uku. A 2005 Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 domin gyara.

Nichicon ba ɗan ku-ci-ku-ba-mu ba ne, sanannen kamfani ne, kuma matsalar ta taɓa HP da Apple. Don haka ba ita ce ta fi zubar da ƙimar Dell ba. Yadda ya tafiyar da ita ne. Takardun sun nuna an umarci ma'aikata da kada su fara tayar wa abokan ciniki da maganar, kuma an riƙa canza allon da ya lalace da wani mai irin wannan lahani. Lokacin da Jami'ar Texas ta kai kuka, an ce mata sashen lissafinta ne ya ɗora wa na'urorin aikin da ya fi ƙarfinsu. Har kamfanin lauyoyin da ke kare Dell a shari'ar yana cikin waɗanda kwamfutocinsu suka lalace.

Kamfanin Advanced Internet Technologies ne ya shigar da ƙarar a 2007, aka kuma sasanta a 2010. Dell ya kare kansa da cewa matsala ce da ta shafi masana'antar baki ɗaya, kuma ya tsawaita garantin na'urorin.

A 2024 an sake ganin makamancin haka daga wani ɓangaren, lokacin da Intel ya amince cewa wasu furosesocinsa zubi na 13 da na 14 na jan wutar da ta wuce ƙima har su lalace. Ya ƙara shekara biyu a kan garantinsu, amma ya ce wanda ya same su a cikin haɗaɗɗiyar kwamfuta ya nemi kamfanin da ya sayar masa.

Riba da hasara

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce kwamfuta mai tambari asara ce. Manyan kamfanoni na sayen kaya da yawa a farashin da ɗaiɗaikun mutane ba za su samu ba, kuma na'urorinsu na ofis sukan yi shekaru suna aiki. Ma'aikatar da ke sayen kwamfuta 500 na bukatar kamfani guda da za ta kama idan abu ya lalace, kuma garanti na ba ta wannan.

Hasarar takan bayyana ne bayan garantin ya ƙare. Tun 1995 Intel ya fito da tsarin bai ɗaya mai suna ATX, wanda ke bai wa mutum damar sauya kayan wani kamfani da na wani. Da yawa daga kwamfutocin ofis na Dell da HP ba sa bin sa: maimakon mahaɗin wuta mai haƙori 24, sukan zo da nasu mai haƙori 6 ko 8. Idan akwatin wutar ya ƙone, dole a nemo irinsa. Ƙarfinsa kuma sau da yawa bai isa a ƙara wa na'urar babban katin hoto ba.

Wannan ya shafi masu saye a Najeriya kai tsaye, domin tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka, da ake kira tokumbo, su ne cike da shagunan kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, daga nan kuma su bazu zuwa makarantu da shagunan buga takardu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da galibin furosesocin Intel da suka girmi zubi na 8 ba, lamarin da ke sa ofisoshi sallamar na'urorin da ba abin da ya same su.

Mai sayen irin waɗannan na'urori yana samun tambarin, amma garantin ya riga ya ƙare. Sannan zafi na da nasa tasirin: ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas na rage rabin tsawon rayuwar irin wannan kafasita, alhali a Kano da Sakkwato zafin watan Afrilu kan kai digiri 40.