Kyautar da ke neman lambar katin banki

A 2010 kamfanin Amazon ya yi shelar hayar kyauta: ƙaramar kwamfuta a cikin rumbunansa, ka yi aiki da ita ta intanet awa 750 a wata, har shekara guda. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Amma a ƙofa sai an karɓi lambar katin bankinka. Wace irin kyauta ce ake riƙe jingina kafin a ba da ita?

Ga inda gizo ke saƙa. Kyautar tana da iyaka, lissafin kuwa ba shi da ita. Ka tada kwamfuta ta biyu ka mance, ko shekara ta cika ba ka lura ba, awo na ta tafiya kana barci. Abin da suke kira kasafi faɗakarwa ce kawai, ba ya tsayar da komai. A 2020 wani ƙaramin kamfani na Amurka ya sa wa kansa kasafin dala 7 a wurin Google, cikin ƴan awoyi bashi ya kai dala 72,000. A Fabrairun 2024 kamfanin Netlify ya aika wa wani mai shafin kyauta takardar dala 104,500, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba, wato sama da miliyan 60 na sefa. Laifinsa? Wasu da bai sani ba sun yi wa shafinsa ruwan ziyara.

Masu kare su za su ce ai duka biyun an yafe. Gaskiya ne. To amma na Netlify rangwame aka fara yi masa, sai da labarin ya cika intanet shugaban kamfanin ya soke bashin. Ɗalibin Maradi ko na Damagaram da ya ari katin mahaifinsa, ma'aikacin da ke ƙirga kwanakin albashi, wa zai yi masa wannan kururuwa? Da wane harshe zai kai kuka, a wane ofishi?

Kada a ce mana abin ya gagari masana. Kuɗin wayarka suka ƙare, nan take layi ya yanke. A Yulin 2025 Amazon da kansa ya fito da tsarin wata 6 wanda ba a cire wa sabon shiga ko tamma sai ya amince ya koma na biya. Ashe ana iyawa! Shekara 15 aka yi kafin a ga dama.