Takardar Koke Kan Dandalin Gari Da Halin Da Masu Sana'a Da Matasa Ke Ciki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.



Ranka ya daɗe, mu ne marina da dukawa da maƙera da masaƙa, da mata masu ɗinkin hula, da makaɗa da mawaƙa da 'yan wasan daɓe, tare da matasan unguwannin garin nan. Mun haɗa baki mun rubuto ne a kan dandalin gari da ɗakin taron da ke cikinsa, waɗanda suka fita daga hannun jama'a, da asarar da hakan ya jawo mana.

Mai Girma ya san dandalin nan sarai. A da, a nan ake dambe da kokawa bayan an kai amfanin gona gida. A nan yara ke shirin tashe idan azumi ya kwana goma. A ɗakin taron 'yan makaranta ke wasan kwaikwayo, ma'aikatan lafiya su tara iyaye mata kan rigakafi, a rumfunan gefe kuma masu sana'a su baje kaya ranar kasuwa.

Kukanmu na farko shi ne rufe wurin. A 2020, da annobar korona ta shigo aka hana taro, an garƙame ɗakin, muka yi biyayya domin lafiyar kowa ce. Daga baya an buɗe masallatai da kasuwanni da makarantu, amma kwaɗon ɗakin taro yana nan a maƙale. A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta addabi jihohi da dama, magudanar bayan dandali ta toshe, ruwa ya kwanta ya malala cikin karofin marina. Ramin rini sai an haɗa shi da baba da toka da katsi, a yi kwanaki ana motsawa kafin ya nuna. A dare ɗaya laka ta cike ramukan, jari da wahala suka tafi tare. Iska kuma ta yaye ɓarin rufin kwanon ɗakin taron, bencina suka ruɓe. Yau gefen dandalin juji ne, da rana awaki ke kwanciya a kan dandamali, da dare kuma yara masu shaye-shaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yaran nan 'ya'yanmu ne.

Na biyu, sana'o'inmu suna mutuwa. A ranar 26 ga Oktoba 2022 aka sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 kuwa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Makaɗi da liƙi yake ci. Sai ya wuni yana matsa kalangu a gidan biki, uwar amarya ta ɗaga masa waya ta ce za ta tura, ya koma gida ba ko na cefane. Ba mu farfaɗo ba sai ga janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Baduku ya kasa bin kasuwannin ƙauye sayen fata, zaren hula ya yi tsada, gawayin maƙera ya yi tsada, almajiran da muke koya wa sana'a suka watse, wasu acaɓa, wasu ci-rani. Ba mu ɗora wa ofishinka alhakin waɗannan ba. Abin da ke damunmu shi ne a cikin wannan hali aka raba mu da rumfunan da baƙo ke ganin kayanmu, alhali masu karɓar haraji ba su daina biyo mu har ƙofar gida ba, wani lokaci da rasit, wani lokaci babu.

Na uku, wanda ya fi mana ciwo, ɗakin yakan buɗe idan siyasa ta kankama. Gab da zaɓukan 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris 2023 an share dandalin tas, an kafa rumfuna, an kira mu mun yi kiɗa, an yi mana alkawarin gyara a gaban jama'a. Da aka ƙirga ƙuri'a sai kwaɗo ya koma mazauninsa. Tun daga nan, duk lokacin da matasa suka nemi wurin don tattauna matsalar ruwan sha ko kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, sai a ce su kawo takardar izini, ofishi ya tura su ofishi har su gaji. Mawaƙin da ya ambaci toshewar magudana a waƙa, an sa masa sunan ɗan adawa, an daina gayyatarsa. Ranka ya daɗe, sashe na 39 da na 40 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki da na yin taro cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa taron lumana ba ya buƙatar izinin 'yan sanda. Dokar da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 ta ba ɗan shekara 25 damar neman kujerar majalisar jiha da ta wakilai. Yaya wanda doka ta yarda ya wakilci jama'a zai rasa inda zai zauna da su? Waƙa da siyasa kuwa tare suka taso a ƙasar nan tun zamanin Malam Sa'adu Zungur da kafa NEPU a Kano a 1950. A cikinmu akwai magoya bayan kowace jam'iyya, har da taka.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun bi ta kan masu unguwa da dagaci, mun je wurin kansilanmu, mun rubuta takarda aka buga mana hatimi a kwafi. An taɓa turo kwamiti, suka auna rufi, suka ɗauki hoto, suka tafi. Mun sake rubutawa bayan zaɓe muna tuni. Har yau ba amsa, ko ta baki.

Mun sake zuwa gare ka domin magani yana hannunka. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da magudanan ruwa da filayen jama'a da kwashe shara, kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Abin da muke roƙo ba almubazzaranci ba ne. Ga misali, Argungu ta riƙe bikin kamun kifinta tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, baƙi suna zuwa, masu sana'a suna ciniki.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma ya ba da umarni a yashe magudana a kwashe juji kafin damina, a gyara rufin ɗakin taro, a mayar wa masu sana'a rumfunansu a kan haya mai sauƙi, a hana karɓar haraji ba rasit, a kuma fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce ta aron ɗakin, wadda za ta hau kan kowa ba tare da duba jam'iyya ba. Mu kuma mun ɗauki alkawarin fitowa aikin gayya da tsare wurin. Muna roƙon a ba mu rana mu zo gabanka, ko ka tako ka gani da idonka.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Mu ne naka masu biyayya,
A madadin masu sana'ar hannu, makaɗa da mawaƙa, da matasan gari.